Babi na Bakwai: Gora, Homa da Jar Fata

Dokar Matan Fada, inda ake babban su na Argungu, ba ta da wuyar riƙewa. Ranar babban su ba a shiga ruwa da taru, ba a shiga da birgi, ba a shiga da ƙugiya. Gora da homa kawai, sai hannun mutum da tsawon numfashinsa. Da zarar an harba bindiga dubban masunta sun ruga cikin gulbi, idon 'yan kallo da na masu ɗaukar hoto yana kan wanda zai fito da giwan ruwa mafi nauyi. Ba kasafai ake tsayawa a lura cewa kowane mutum a cikin wannan turmutsutsu yana ɗauke da kaya biyu da babu masana'antar da ke yin su ba. Goran da ya hau, wani ne ya shuka shi ya fafe shi. Homar da ke hannunsa, wani ne ya lanƙwasa sandarta ya ɗaura mata raga. A ganina wannan sa'a guda da ake yi cikin ruwa a Argungu ita ce baje kolin aikin hannu mafi girma a ƙasar Hausa, ko da yake ba da wannan sunan ake tallar ta ba.

Baƙon da ya saba da Kano, inda za a kai shi marinar Ƙofar Mata ya leƙa karofi, a zarce da shi Kurmi ya yi ciniki, idan ya sauka Birnin Kebbi ko Argungu ya ce a kai shi unguwar masu sana'ar hannu, ɗan kabu-kabu zai yi jim, sannan ya tambaye shi wace sana'a yake nufi. Tambayar kuwa tana kan hanya. A kwarin Rima ba a tara sana'o'i wuri guda domin baƙi ba. Kowace tana zaune kusa da mai bukatarta: maƙeri kusa da manomin fadama, mai saƙar raga a bakin gulbi, baduku kusa da fada da kasuwa, mai faifai kuma can cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga. Wanda ke son ganin su sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma sai ya yarda cewa mafi kyawun abin da zai gani kayan aiki ne da ake mora kullum, ba kayan jingina a bango ba.

A fara da gora. Duma ne ake shukawa da damina, ya yi yaɗo, ya yi 'ya'ya. Daga wannan shuka ɗaya ake samun ƙwarya da masaki da ludayi da shantu da zungurun ƙunshi, kowanne da irinsa, kuma mai shuka ya san irin da ke ba da wane. Goran su shi ne babban yayansu, zagayayye, mai kaurin baya, wani sai ka rungume shi da hannu biyu yatsunka ba su haɗu ba. Ba a yanke shi ɗanye. Ana barin sa har yaɗon ya bushe, bayan ya yi tauri, sannan a fafe baki a samansa, daidai yadda hannu da kifi za su shiga. Sai a zuba ruwa a bar cikin ya ruɓe, a ƙwaƙule shi tas, a keɓe iri domin baɗi, a shanya. Gaggawa a kowane mataki tana fitowa daga baya. Goran da aka cire bai ƙosa ba yakan motse ko ya tsage, kuma a tsakiyar ruwa mai shi zai gane haka.

Aikinsa biyu ne a lokaci guda. Masunci yana kifa cikinsa a kai ya yi ta tuƙi da ƙafa, hannuwansa biyu a sake domin homa, kuma duk abin da ya kama a ciki yake jefawa. Jirgi ne, ma'aji ne. Idan ka sami goran da ya daɗe a hannun mai shi, ka juya shi ka duba. Wurin da ciki ke gogawa ya yi santsi ya yi duhu, bakin ya cinye kaɗan ta gefen da hannu ke shiga, sau da yawa kuma za ka ga ɗinki a jikinsa, layin ƙananan huji biyu-biyu da aka ratsa da zare aka ja har tsagar ta haɗe bakinta. Wannan aikin gyartai ne, masu ɗinkin ƙwarya, waɗanda a da suke bi gida-gida suna kiran sana'arsu. Kwanon roba da na samira sun kusa raba su da matan gida, domin ba a ɗinke roba, yar da ita ake yi. A bakin gulbi ne har yanzu ɗinkin yake da riba, saboda babban gora mai kyau ba kullum ake samun sa ba, kuma wanda ya saba da nasa ba ya son canji.

Homa kuwa biyu ake riƙewa, ɗaya a kowane hannu. Sanda ce mai lanƙwasuwa aka tanƙwara aka ɗaure, aka rataya mata raga mai zurfi. Masunci yana buɗe su a cikin ruwa, ya nutsa, ya haɗe bakinsu a kan kifi. Zaren yanzu na nailan ne, na kanti, kuma babu masuncin da zai ce maka yana kewar zaren da, wanda ke jiƙa ya yi nauyi ya ruɓe. Amma girman ido, da zurfin ragar, da yadda za a ɗaura ta a jikin sanda ta buɗe da sauri ta rufe ba tare da ta harɗe ba, duk wannan a hannu yake. Da yatsa ake auna ido: ido mai yatsa biyu, mai yatsa uku, mai yatsa huɗu, gwargwadon kifin da ake nufi, ƙarfasa ce ko tarwaɗa ko ramboshi. Da la'asar, a inuwar bakin ruwa, za ka iske dattijo ya saƙala raga a babban yatsan ƙafarsa yana cike inda ta yage, yana hira, ko kallon hannunsa ba ya yi, yaro na gefe yana kwaikwayo da guntun zare. Makarantar ke nan, babu wata. A kusa da su za ka ga gura, tarkon nan mai siffar ganga da ake ɗaure wa raga a kan firam na sanduna a zuba dusa a ciki. Masuntan Mali ne suka yaɗa ta a gulaben ƙasar nan, 'yan gida suka karɓa suka iya. Sana'ar hannu ba ta ƙin baƙon abu idan yana kawo kifi.

Wannan kusanci da ruwa tsoho ne. A wajajen 1516 ne Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai ya kafa daular Kabi, ya gina Surame, wadda kangonta da ragowar ganuwarta ta duwatsu ke cikin Jihar Sakkwato ta yau. Masu ba da labarin Kanta sukan ambaci jirgin ruwansa da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zagaya garuruwansa da shi idan fadama ta cika. Ko an ƙara wa labarin gishiri, ya nuna abin da Kabawa ke ɗauka alamar mulki: aikin masassaƙi da na maƙeri a kan ruwa. A wajajen 1700 sarauta ta koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka ja daga, daga baya suka kafu a Argungu. Sarkinsu Sama'ila Karari ya riƙe ta har aka kashe shi a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya sake tayar da tuta a 1849, aka ci gaba da gwabzawa da Gwandu da Sakkwato kusan har ƙarshen ƙarnin, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga.

Garin da ya shekara hamsin cikin shirin yaƙi ba ya wasa da maƙeransa da dukawansa. Wanda ke son shaida ya shiga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Argungu da ke dab da kasuwa, wadda aka buɗe wa jama'a a 1958, kuma a cikinta ake binne sarakunan Kabi. Masu da takubba da baka da kibau da bindigogin gargajiya da layu da tambura, duk suna nan. Ka dubi kuben takobi da kyau, ka ga yadda aka naɗe ice da fata aka matse ba tare da ƙulli ya fito ba. Ka dubi ƙunnen kibiya. Irin ciwon gidajen tarihinmu ne a gaya maka sarkin da ya riƙi takobi amma ba a san maƙerin da ya ƙera shi ba, kuma ba laifin masu kula da gidan ba ne, tun asali ba a ɗauki sunan mai sana'a abin adanawa ba. Duk da haka, wanda zai zagaya masu sana'a a Argungu daga nan ya kamata ya fara, domin idonsa ya sami ma'auni kafin ya shiga kasuwa.

Gabar Kabi da Sakkwato ta mutu a hukumance a 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa babban su domin karramawa. Daga nan ake ƙirga bikin da duniya ta sani, ko da yake al'adun ruwa irin su fashin ruwa sun girme shi nesa ba kusa ba. Maƙera kuwa tuni suka koma inda abinci yake. Mashi ya ba lauje wuri. Shinkafa ce sarauniyar fadamar Kabi, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, noman rani ya ƙara faɗi. Har yanzu kuwa mafi yawan shinkafar nan da lauje ake yanke ta. Ka je maƙera gab da girbi ka ga cunkoso. Yaro na kan zugazugi, ko kuma yana juya wilin keke da aka haɗa da fanka, maigida ya danne jan ƙarfe da awartaki a kan uwar maƙera, masaba na sauka. Ƙarfen ba daga tama aka narko shi ba, wannan zamani ya wuce. Sifirin ɗin tsohuwar mota ne, kuma maƙeri zai gaya maka ya fi ƙarfen kanti riƙe kaifi. Haƙoran lauje ɗaya-ɗaya ake fitar da su da kurfi. Da yawa daga 'ya'yan gidajen ƙira yau walda suke yi, suna haɗa ƙofofi da injin sussuka, suna gyaran injin ban-ruwa. Akwai masu ganin wannan mutuwar gado ce. Ni ban ga haka ba. Wuta ce da ƙarfe da bukatar manomi, su ne dai kakansu ya yi aiki da su.

Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi kilomita 50 ne da ɗoriya, fadama na rakiyarka a gefe. Birnin da aka ƙwace a 1805 shi ne yau mazaunin Sarkin Gwandu, kuma hedikwatar jiha tun da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agustan 1991. Gari ne na ma'aikata da 'yan kasuwa, sababbin unguwanni sun fi tsofaffin yawa, saboda haka mai neman sana'ar gado sai ya nufi tsohon gari, shiyoyin da ke kewaye da fada, da layukan babbar kasuwa. Abin da ya fi cancanta a nema a nan aikin fata ne. Ba zan ce Birnin Kebbi ta kamo ƙafar Sakkwato a dukanci ba, ba ta kamo ba. Amma ƙasa ɗaya ce, akuya ɗaya ce, hannu ma kusan ɗaya ne.

Akuyar ita ce jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi. Fatarta mai laushi ce, mai ƙarfi, mai ƙananan ƙofofin gashi, ga karɓar rini. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na ƙetare Sahara da ita, daga tashoshin Arewacin Afirka ta shiga Turai, inda masu ɗaurin littattafai suka san ta da sunan fatar Maroko, alhali daga nan ƙasar wani kaso mai yawa nata ya fito. Yau ma mafi kyawunta ba ya kwana a gida. Dillalai na bi kasuwanni da mahauta suna tarawa, a zuba gishiri, a loda zuwa kamfanonin jima na Kano, a Challawa da Sharaɗa, daga can kuma sai Italiya da Sifen. Fatar saniya kuma tukunya ce ke takara da majemi a kanta, domin ganda na da masu saye a Kudu da Arewa. Abin da ya rage wa majemin gargajiya shi ne abin da ya iya saye da kuɗin hannunsa, kuma wannan ne dalili na farko da ya sa kayan fata na ƙwarai suka yi tsada. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka baduku ne ke zalama.

Majema ba wurin mai ƙyanƙyami ba ce, hanci ne ke fara sanar da kai ka iso. Ana jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a shimfiɗa ta a kan gungume a kankare da kartaji, ciki da baya. A sake jiƙa ta a wani ruwan da ke kashe kaifin tokar ya sassauta fatar. Daga nan sai bagaruwa. 'Ya'yanta ake dakawa a jiƙa, a tsoma fatar, a cuɗa, a matse, a mayar, har ruwan ya ratsa ta. Abin da ke cikin bagaruwa shi ke hana fata ruɓewa, shi ke ba ta ƙamshin nan da duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar gafaka ya sani. Sai a shafa mai, a ja ta, a murza, a buga har ta yi laushi. Ja na asali daga karan dafi yake fitowa, wato jan kuben wata irin dawa da ake shukawa domin rini kawai. Baƙi kuma daga kuloko, haɗin da ake yi da tsatsar ƙarfe, wanda da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta koma baƙa wuluk. Galurar kanti ta shigo, ta fi arha, ta fi ƙyalli a ranar farko. Bambancin sai bayan shekara biyu yake fitowa, lokacin da jan karan dafi ya ƙara zurfi, na galura kuma ya koɗe.

Zauren baduku ƙarami ne, kayan aikinsa ba su cika jaka ba: wuƙa, basilla, dutsen guga, ƙaramin allo da yake yanka a kai. Yana zaune a kan buzu, aikin na kan cinyarsa. Ka yi sallama, ka cire takalmi, ka gaida shi da aiki, ka tambayi iyali da kasuwa, kada ka fara da miƙa hannu kan kaya. Sai an gama wannan zai ɗago ya ce, "To Malam, mi kaka so?" Sau da yawa abin da ya fi ɗaukar idonka a zauren, idan ka taya, amsar ita ce, "Wanga aikin mutane na, Alhaji." Wato an riga an ba da shi, mai shi na jira. Nan ne baƙi da yawa ke yin kuskuren fahimta. Baduku na gaske ba kanti gare shi ba, aiki ake ba shi. Fada da hakimai na ba shi kayan doki, ragama da kuben takobi da adon sirdi, musamman gab da hawan salla. Malamai da almajirai na ba shi gafaka da rufin laya. Maharba da Fulani makiyaya na ba shi kube da zabira. Masu aurar da 'ya'ya na ba shi tum-tum. Waɗannan su ke riƙe da shi shekara da shekaru, kuma su ne ba a iya yaudara, domin wanda zai rataya abu a kafaɗa rana da ruwa ya san ɗinkin da zai kwance.

Hanyar gane aikin ƙwarai ba boyayya ba ce. Ka shinshina, ka juya bayan fatar ka ga ko fata ce ko leda mai zanen fata, ka buɗe ciki ka duba ɗinki. Inda aka yi ado da yankakkiyar fata mai launi, ka sa farce a gefe ka ji ko ɗinke ta aka yi ko da gam aka manna.

Rabin sana'ar hannu ta wannan kwari ba a zaure take ba, tana cikin gida. Faifai, tabarma, mafici, ɗinkin hula, duk aikin mata ne a yawancin wurare, ana yi tsakanin girkin rana da na dare. Kaba, wato ganyen matashiyar goriba, ita ce jarin. Ana tsaga ta siri-siri, a rina wani kaso, a naɗa a kan ciyawa ana ɗinkewa zagaye bayan zagaye har faifai ya tashi. Mai kyau idan ka ɗaga shi ga rana haske ba ya ratsawa. Tabarmar roba ta ci kasuwar tabarmar kaba a birni, babu musu, domin ana wanke ta kuma ba ta tsada. Faifai dai bai sami magaji ba tukuna, saboda har yau babu abin da ya kai shi wajen bakace da rufe ƙwaryar fura, kuma jeren amarya bai cika ba sai da shi. Matsalar a nan ta kuɗi ce. Matar da ta kwana uku a kan faifai ɗaya ba ita ke zuwa kasuwa ba. Yarinya ce ke kai talla, ko dillaliya ta karɓa, ko ɗan kasuwa ya tara da yawa a farashin sari, kuma kafin ya isa hannun baƙo kuɗin ya ninka, mai aikin kuwa ba ta ga ninkin ba. A nan mace baƙuwa ta fi namiji sa'a. Ita tana iya yin sallama ta shiga, a shimfiɗa mata tabarma, ta ce, "Inna, sannu da aiki, na zo ganin faya-fayanki," ta saya daga hannun da ya yi. Namiji sai dai ya aika ta hannun maigida ko yaro.

Maginan tukwane ma suna nan a ƙauyukan da ke da yumɓu, kuma abin da ya tsare su ba kishin al'ada ba ne, zafin bazara ne da rashin wutar lantarki. Randa na tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska na busar da shi, na ciki na yin sanyi. Wannan dabarar ce Muhammad Bah Abba, malami daga Jigawa, ya ɗora a kai ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Tulu ya sha kashi a hannun jarka. Randa da kasko da tandar masa da asusu kuwa suna nan a kowace kasuwa, a jere a ƙasa can gefe, inda mai mota ba ya tsayawa.

To ina bikin Argungu a cikin wannan duka? Ya yi rana, ba a musu. Shi ya sa sunan garin ya zagaya duniya tun lokacin da Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta a 1970, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama, tana ambaton wasannin ruwa na kabanci da matsayin Sarkin Ruwa da na Homa, shugaban masunta. Dokar gora da homa ta ba tsofaffin kayan aiki martabar da ba su da ita a wasu gulaben. Amma biki kwana huɗu ne, shekara kuwa wata goma sha biyu ce. An yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020, kuma a tsawon wannan lokaci ba a daina shuka duma ba, ba a daina saƙar raga ba, saboda mutane ba su daina cin kifi ba. Abin da zai iya kashe gora da homa ba rashin 'yan kallo ba ne, rashin ruwa ne. Tun da aka datse gulbin Sakkwato a Bakolori a ƙarshen shekarun 1970, aka kuma datse Rima a Goronyo, ambaliyar shekara-shekara da ke cika tafkuna ta ba kifi wurin haihuwa ta canza, wata shekarar ta yi kaɗan, wata kuma, kamar 2020, ta zo ta share gonaki. Idan tafki ya ƙafe, masunci ya koma kabu-kabu, babu bikin da zai sa ɗansa ya koyi auna ido da yatsa.

Rumfunan baje koli na lokacin biki kuma a shiga su da ido biyu. Ba duk abin da aka shimfiɗa a can aka yi a Kabi ba. Fatake na zuwa da kaya daga wasu garuruwa har da ƙetaren iyaka, wasu masu kyau ƙwarai, wasu kuma an yi su ne domin wanda zai saya yau ya tafi gobe ba ya dawowa ƙorafi. Ba haramun ba ne, kasuwa ce. Sai dai baƙon da ya tsaya nan ya koma gida bai ga Argungu ba.

Akwai abin koyi kusa, ba sai an je Turai ba. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yau yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya ba masu sana'a wuri a cikin harabarsa. Maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa na zaune suna aiki, baƙo na kallo, yana saye daga hannunsu. Bida kuma ta shiga jerin biranen ƙirƙira na UNESCO a 2021 saboda tagullarta da gilashinta. Argungu na da gidan tarihi a bakin kasuwa, tana da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, Birnin Kebbi na da jami'ar tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. 'Yan rumfuna kaɗan kusa da Gidan Kanta, da ɗalibai da za su zauna da dattawan sana'a su rubuta sunayensu da matakan aikinsu, ba abu ne da zai gagari masarauta ko jiha ba. Sharaɗi ɗaya zan gindaya: kada a raba mai sana'a da abokan cinikinsa na asali a mayar da shi abin kallo. Maƙerin da ya daina yin lauje ya koma yin ƙananan takubban ado, cikin 'yan shekaru hannunsa zai manta yadda ake ba ƙarfe ruwa.

Wanda ya yi niyyar zuwa, lokacin sanyi ya fi, daga Disamba zuwa Fabrairu: ruwa ya ja, hanyoyi sun bushe, duma ya ƙosa, manoma na da kuɗin girbi, kasuwanni sun cika. Ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya fara gaida mai unguwa ko sarkin sana'ar kafin ya shiga zaure da kyamara, kuma ya tambayi halin hanya kafin ya nufi ƙauyukan da ke wajen iyaka, domin sha'anin tsaro a ƙananan hukumomin Arewa da Augie ya taɓu a 'yan shekarun nan. A ciniki, tayi al'ada ce, "albarka" ma al'ada ce, amma tayin wulaƙanci a kan aikin sati guda ba wayo ba ne. Idan abu mai kyau yake so, ya ba da aiki: ya faɗi girma da launi, ya ce jan karan dafi yake so ba galura ba, ya ajiye kafin alƙalami, ya karɓi lambar waya, a aiko masa a motar haya idan an gama. Kada dai ya ba da aikin ana saura wata guda salla. A wannan lokacin kayan dawakin fada ne a gaban kowane baduku, nasa sai bayan hawa.